Yadda Na Sallami Jikana Daga Bakin Raga

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Mai goyo ta gyara goyonta, mai waya ya kife ta a cinya. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu dabba mai magana a cikinta. Tsohuwa ce mai magana, kuma ita ta ɓata komai.

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Lahadi ce bayan la'asar, a filin ƙwallon da ke bayan makaranta, na tsaya a gaban rabin mutanen unguwannin Nima da Maamobi, da lasifika a hannuna da sabon yayi, wato anko, a jikina, na yi wa jikana abin da maƙiyinsa bai iya yi masa ba. Kuma da na gama, na yi rawa.

Jikokina maza biyu ne suka shiga harkar ƙwallo. Awudu shi ne babba, ɗan marigayi ɗana. A hannuna ya tashi tun yana rarrafe. Makanike ne a Abossey Okai, kasuwar kayan motoci, yana da mata, Ramatu, da 'yarsu guda, duk muna gida ɗaya. Basiru kuwa ɗan 'yata ne, a Maamobi suke, Awudu ya girme shi da shekara goma sha uku. Dukansu biyu gola ne, wato mai tsayawa a bakin raga yana hana ƙwallo shiga. Awudu yana tsare wa manyan ƙungiyar unguwarmu, Basiru yana tsare wa ƙananansu. Kuma Awudu ne ya koya wa Basiru kamun ƙwallo, a tsakar gidanmu, tsakanin igiyar shanya da murhuna, har suka fasa mini tulu biyu da madubin maƙwabciya.

Shekara goma sha ɗaya Awudu yana tsaron ragar nan, ban taɓa taka filin ba ko sau ɗaya. Abin da na sani game da ƙwallo shi ne wankin riga mai laka da gasa idon sawu da ruwan zafi. Ni mai sayar da shinkafa da wake ce, wadda mutanen nan ke ce wa waakye. Ku tambaye ni yawan karan dafin da zai ba tukunya launi, ku tambaye ni shito, wato soyayyen yajin da ake zuba mata, wanda ya ƙone da wanda ya soyu, zan ba ku amsa ido rufe. Amma ƙwallo? (Har zuwa shekarar nan na ɗauka alƙalin wasa ma ɗan ƙungiyarmu ne, shi ya sa nake sa shi a addu'a.)

To, a shekarar da nake ba ku labari, manyan suka yi ta shan kashi. Lahadi ta zo a ci su, wata Lahadi ta zo a sake cin su, da ƙyar suka tsira ba a jefa su rukunin ƙasa ba. Ƙananan kuwa, Allah ya ba su sa'a, suka yi ta ci, suka yi ta ci, har suka ɗauko kofi. A wasan ƙarshe an ce Basiru ya kama fenariti biyu. Ranar nan samari suka ɗauko shi a kafaɗa tun daga titi har ƙofar gidanmu, kansa fari fat da hoda.

Yanzu bari in gaya muku abin da kowa a Nima ya sani, har kajin gidanmu, ni kaɗai ce ban sani ba. Ashe ƙungiya ba ta renon ƙanana don ta sallame su su tafi wani wuri. Tana renon su ne don su hau kujerun manya. Idan ƙananan suka yi kyau, murna ce ga ƙungiya, amma ga wasu daga cikin manyan, ƙarar tashi ce. Sauran wurare a fili suna da yawa, ana iya matsa wa mutum gefe. Raga kuwa mutum ɗaya take ɗauka. Idan Basiru ya shiga, Awudu ya fita.

A duk inda samari ke zaman shan shayin ataya, maganar ke nan. Wasu na cewa Awudu ya tsufa, hannunsa ya zama rariya. Wasu na cewa ba laifinsa ba ne, masu tsaron bayansa ne suke barci. Ciyaman ɗin ƙungiyar, Alhaji Sumaila, yana son a ɗaga Basiru nan take. Koci kuwa, wani ɗan ƙabilar Ga mai haƙuri, ya kafe a kan a ba Awudu wasanni uku na farkon sabuwar kakar wasa ya gwada kansa. An sa ranar Laraba kwamiti zai zauna ya yanke. Awudu ba komai yake nema ba sai kaka ɗaya tal, don ya bar ragar da ƙafarsa, ba da zagin 'yan kallo a bayansa ba. Shi ya sa yake fita gudu kullum bayan asuba, ya bar sukari, ya bar cin gandar da nake ajiye masa.

Ni kuwa da na ga ya yi shiru, ya rame, ba ya dariya, sai na zauna na yi tunani irin na manya. Na ce, na gane. Yaron nan ransa ne ya ɓaci. Ya koya wa ƙaninsa sana'a, ƙanin ya yi suna, amma ba a zo an durƙusa an gode masa ba. Ba a yi firidom ba.

Ku da ba ku tashi a nan ba, firidom shi ne yaye. Duk mai sana'a a garin nan ya san shi, tela ne, mai kitso ce, makanike ne. Idan yaro ya gama koyo, danginsa su kawo lemo da biskit da turmin zane, a tara jama'a, ya durƙusa gaban maigidansa, maigidan ya ɗauki kayan aikinsa na hannunsa, almakashi ko sifana, ya danƙa masa, ya sa masa albarka, a zuba masa hoda. Ni da kaina na yaye mata bakwai. Kowace na ba ta ludayin da na yi aiki da shi, ta tafi ta kafa teburinta a wata mahaɗa, ni kuma washegari na ɗauko wani ludayin na ci gaba da zuba wa mutane abinci. Babu wadda ta taɓa zama a kan kujerata. Ranar yaye ranar girman maigida ce, ba ta yaro ba.

Sai na ce a raina, zan ɗaga darajar Awudu a gaban duniya. Menene kayan aikin gola? Safar hannu. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Na ji za a yi bikin kofi ranar Lahadi, sai na yafa mayafi na tafi gidan Alhaji Sumaila. Na same shi yana shan shayi. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ina roƙon a ba ni lasifika ranar biki, na ɗan lokaci kaɗan."

Ya ce, "Hajiya, addu'a za ki yi mana?"

Na ce, "Da addu'a, da abin da ya fi. Awudu zai ɗauki safar hannunsa ya miƙa wa Basiru a gaban jama'a."

Mutumin nan ya ajiye kofin shayi a hankali. Ya dube ni, ya dubi rufin ɗaki, ya sake duba na.

"Hajiya, shi Awudun ya yarda?"

Na ce, "Ni na raine shi. Bai taɓa yi mini musu ba, ba kuma zai fara a gaban mutane ba."

Sai fuskarsa ta washe. Ya ce rumfuna da kujeru duk a wuyansa. Ya ce a kawo mini lemo mai sanyi. Ya sa direbansa ya mayar da ni gida, ni da na zo da ƙafa. A cikin motar ina ta cewa, ka ga mutumin kirki, ka ga wanda ya san al'ada. (Allah ya gani, har albarka na sa wa iyayensa.)

Daga nan na tafi wurin aminiyata Magajiya Memuna, shugabar matan layinmu. Ita ma abin da ta sani game da ƙwallo bai fi nawa ba. Ta tafa hannu ta ce, "Wallahi kin yi tunani! Yaran yanzu ba su san godiya ba kwaraa, ko kaɗan." Muka fitar da yayi, kore da fari irin rigar ƙungiya, mata ashirin da wani abu suka ɗinka. Muka kira masu ganga.

Saura safar. Ranar Juma'a, Awudu yana wurin aiki, na shiga ɗakinsu. Yana da guda biyu: ta atisaye tana cikin jakarsa, ta wasa kuwa tana ƙasan akwati a naɗe cikin tawul. Ita na ɗauko. Ina juyowa na ga Ramatu a bakin ƙofa.

"Kaka, ina za ki kai ta?"

Na gaya mata. Na ga yarinyar nan ta dafa bango.

"Kaka, don Allah ki tsaya in yi miki bayani. Ba haka abin yake ba. Idan gola ya ba da safarsa a gaban..."

Na ɗaga mata hannu. Na ce, "Ramatu, na yaye mata bakwai, huɗu daga ciki kafin a haife ki. Ni za ki koya wa yadda ake yaye?"

"Ba haka nake nufi ba, Kaka."

"To ki yi shiru. Kuma ban yarda ki gaya masa ba. So nake ya gani kwatsam, ya ji daɗi. Ki ce kin yi alkawari."

Ta sunkuyar da kai, ta yi alkawari da muryar da ba ta fita. Matar jika ce, a gidana take, ya za ta yi? Na ɗauka kunya ce irin ta surukai. Na wanke safar nan da sabulu, na shanya ta a ɗakina, na turara ta da turaren wuta, na naɗe ta cikin farin ƙyalle kamar kayan amarya.

Lahadi ta zo. Tun hantsi na ɗora tukwane uku, da taliya da gari da ƙwai da kifi. Bayan la'asar fili ya cika. Rumfa ɗaya ta manyan baƙi, ɗaya tamu ta mata, ga kofi a kan tebur yana walƙiya. Ƙananan 'yan wasa suna gefe ɗaya sai tsalle suke, manyan suna ɗaya gefen a zaune, kowa ya harɗe hannu, kamar masu jiran likita. Awudu yana cikinsu da farar jallabiya. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka ɗaga kofi. Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu kakarmu, kakar gololi biyu, tana da magana."

Na tashi. Na tafi a hankali, don ranar girma ce. Na karɓi lasifika na yi sallama, na yi salati, sannan na ce, "Awudu, taso."

Ya taso yana murmushi, yana zaton addu'a ce.

"Basiru, zo ka durƙusa gaban yayanka."

Basiru ya zo ya durƙusa. Mata suka yi guɗa. Na ba da labarin tsakar gida da tulunan da aka fasa, mutane suka yi dariya, Awudu ma ya yi. Na ce duk abin da hannun yaron nan ya kama, hannun Awudu ne ya fara kama shi. Aka tafa. Da na tsaya a nan, da yau ina cikin matan da ake yabo. Amma sai na miƙa hannu, Magajiya ta ba ni farin ƙyalle, na warware.

Kun san yadda kasuwa take yin shiru idan an ɗauke wuta ana tsakiyar kiɗa? Haka filin nan ya yi. Guɗar matanmu ce kawai ta ci gaba, ita ma ta mutu a hanya. Na ga koci ya miƙe tsaye ya dafe kai da hannu biyu. Na ga wayoyi suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, ka ga kwarjinin al'ada.

Murmushin Awudu ya tafi. Ya dubi safar, ya dubi rumfar manyan baƙi, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kaka, wa ya aiko ki?"

Shi ya yi mini sutura, ya tambaye ni a asirce. Ni kuwa na kai lasifika bakina na amsa masa yadda har masu sayar da ruwa a bakin titi suka ji:

"Babu wanda ya aiko ni! Ni da kaina na duba, na ga lokaci ya yi!"

Wani daga baya ya yi ihu, "Cale, abokina, har kakarsa ta gani!" Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ce masa ya rufe baki.

Na danƙa wa Awudu safar na ce, "Ba shi." Basiru yana durƙushe ya mayar da hannuwansa baya, hawaye na zuba, yana girgiza kai. "Kaka, a'a. Yaya, wallahi ban sani ba. Wallahi ba ni ba ne." Na ce, ji yaro mai ladabi, har kuka yake don godiya. Na daka masa tsawa, "Miƙo hannu, kada ka kunyata ni!"

Awudu ya tsaya. Ban san tsawon lokacin da ya tsaya ba, amma a yanzu idan na tuna, ji nake kamar an yi sallar magariba an dawo yana tsaye. Yana iya cewa a'a. Yana iya ajiye safar a tebur ya juya. Amma da ya yi haka, gobe Nima za ta ce Awudu ya watsa wa kakar da ta raine shi ƙasa a ido a gaban jama'a. Sai ya sunkuya, ya kamo hannun Basiru da kansa, ya jawo shi gaba, ya sa masa safar, dama da hagu, ya ɗaure masa maɗaurin. Ya dafa kansa ya ce, "Allah ya ba ka sa'a. Ka riƙa yi wa 'yan bayanka magana, kada ka yi shiru a raga."

Na zazzage musu hoda. Alhaji Sumaila ya yi tsalle daga kujera kamar yaro, yana tafi. Masu ganga suka saki kiɗa. Ni kuwa, da shekaruna da ciwon gwiwata, na ware mayafi na shiga fili na taka. Na taka gaba, na taka baya, na juya. (Ana nan ana ajiye da hoton a wayoyi. Idan wani ya ce zai nuna muku, don girman Allah ku ce ba kwa so.)

Ina cikin haki Alhaji ya karɓi lasifika. Ya ce, "Jama'a, abin da ya gagari kwamiti wata guda, Hajiya ta warware shi cikin minti biyar. Muna gode wa Awudu da shekara goma sha ɗaya da ya yi mana. Yau ya ajiye aiki cikin mutunci, a hannun iyalinsa. Daga sabuwar kaka, Basiru ne golan manya!"

Ƙafata ta tsaya a sama. Na juya wurin Magajiya na ce, "Wane aiki ya ajiye?" Ta ce ita ma ba ta gane ba. Sai na ji murya a bayana, Ramatu ce, idonta jawur.

"Kaka, raga ɗaya ce. Kin cire shi."

Jama'a, da a ce mutum yana iya narkewa ya bi ƙasa, da ranar nan an kwashe ni da tsumma. Amma ko a nan ban yi hankalin yin shiru ba. Na ruga na fizge lasifika daga hannun Alhaji na ce, "Tsaya! Tsaya! Ba haka nake nufi ba! A sayo wata safar! Ai ga ragar can, na gan ta da idona, tana da faɗi! Su tsaya su biyu, ɗaya dama ɗaya hagu!"

Dariyar da aka yi ba ta misaltuwa. Manya da ƙanana, masu son Awudu da masu zaginsa, har limamin da ya buɗe taro ya rufe fuska da hula. Wani ya faɗo daga kan benci. Koci ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya zo ya karɓi lasifikar daga hannuna a hankali, ya kashe ta, ya ce da Hausarsa ta mutanen Ga, "Hajiya, ya isa. Je ka zauna." Da na waiga neman Awudu, sai bayan farar jallabiyarsa na hango, da hodata a kafaɗarsa, yana fita ta ƙofar makaranta shi kaɗai.

An cinye tukwane ukun nan tas. Ni ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Washegari da sassafe na koma gidan Alhaji. Wannan karon ba a kawo lemo ba. Na ce a warware abin da na ƙulla, a bar kwamiti ya zauna Laraba kamar yadda aka shirya. Ya ce, "Hajiya, a warware yaya? Hoton ya kai wa 'yan unguwa da ke Jamus da Amurka tun jiya, suna ta bugo waya suna taya mu murna. In mayar da shi yanzu, a ce kakarsa ta cire shi, ciyaman ya dawo da shi don tausayi? Shi kansa ba zai yarda ba." Na ce, "Alhaji, ka san abin da zan yi tun ranar da na zo, ka bar ni." Ya ce, "Na tambaye ki ko ya yarda, Hajiya." Da ƙafa na koma gida.

Kwana uku Awudu yana fita kafin in fito, yana shigowa ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya wuce. A na huɗu na zuba abinci a kwano na hau trotro, motar haya, zuwa Abossey Okai. Na yi ta ratsa tsakanin tulin ƙarafa da tayoyi ina tambaya har aka nuna mini rumfarsu. Ƙafafunsa kawai na gani, sauran jikin yana ƙarƙashin wata tasi. Na zauna a kan tsohuwar taya.

"Awudu."

Ƙarar sifana ta tsaya. "Kaka, me ya kawo ki nan? Za ki ɓata zanenki."

"Fito in roƙe ka gafara."

Bai fito ba. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Na san ba da mugunta kika yi ba. Ramatu ta gaya mini komai."

"To ka yafe mini."

"Na yafe. Amma bari in gaya miki abu ɗaya, Kaka. Da kwamiti ne ya kore ni, da na yi faɗa. Da na zagi Alhaji, na buga tebur, na fita ina cewa an zalunce ni, in yi ta faɗa har tsufana, abokaina suna taya ni. Ko da an ba ni wasa ukun nan na kasa, da na san na kasa. Yanzu ban sani ba. Kuma da wa zan yi faɗa? Da ke?"

Ni da ban taɓa rasa magana ba a kasuwa ko a gidan biki, sai na zauna a kan tayar nan ina kallon tafin takalminsa har aka kira azahar. Sannan ya turo kansa waje, ya wanke hannu da kananzir da sabulu, ya buɗe kwanon, ya ci. Ya cinye har gandar. A nan na san ya bar gudun asuba ke nan, kuma a nan na yi kukan da ban yi a fili ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare: idan ka kai shekarun da babu mai iya ce maka a'a, to shirun mutane ba shaida ba ne cewa kana da gaskiya. Ni da na fi kowa ikon magana a gidan nan, ni ya kamata in fi kowa tambaya, kuma in bari a kai ƙarshen amsa.

Ga yadda kowa ya ƙare. Basiru ya shiga ragar manya tare da yara huɗu da aka ɗago daga ƙananan, kuma, abin da ya fi ci mini rai, ƙungiyar ta gyaru. Sun daina shan kashi. Duk Lahadin da suka ci, samari sai sun biyo ta teburina suna ihu, "Koci Hajiya! Koci Hajiya!" ni kuwa in sunkuyar da kai cikin tukunya. Shi Basirun wata biyu ya yi bai iya haɗa ido da yayansa ba, sai da Awudu ya je har Maamobi ya jawo shi da kunne. Koci ya roƙi Awudu ya riƙa horar da gololin ƙananan. Shekara guda ya ƙi, daga baya ya karɓa. Yana zuwa atisaye, amma ranar wasan manya ba ya zuwa fili, a gareji yake wuni ko babu mota. Bai sake ta da maganar ba, ni ma ban sake ba, tana nan zaune tsakaninmu kamar baƙuwar da ba ta da niyyar tafiya. Ramatu ta haifi namiji, kuma yanzu idan ta fara magana ba na katse ta har sai ta gaji ta tsaya don kanta. Magajiya Memuna ta yanka yayinta ta yi rigar filo, ta ce ba za ta sake sa shi a jiki ba.

Alhaji Sumaila kuwa yana nan a kujerar ciyaman, shekara ta goma sha tara ke nan, ya ƙi sauka. Watan jiya wasu samari uku daga kwamiti suka zo gidana, suka durƙusa, suka gaishe ni da ladabin da ya wuce kima. Babbansu ya ce, "Kaka, mun ga Alhaji ya yi wa ƙungiya hidima sosai. Ko za ki shirya masa ɗan biki irin wancan?"

Na ce a'uzubillahi, na tuba, ku tashi ku ba ni wuri. (Amma ba zan ɓoye muku ba, sai da suka kai bakin ƙofa na kira su na tambaya wace Lahadi suke so.)